Keken Tserenka Ya Fito Daga Ɗakin Shirgi

Zuwa ga yayana, marigayi Lawal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima, ina da labari. Yaya, kekenka ya fito! Jiya jikokinka na kwashe ɗakin shirgi suka jawo shi daga bayan tsofaffin ƙyamare, matarka Hajara ta aiko in zo. Ka san ni yanzu, na yi bokon, na yi aikin gwamnatin, na ƙare a benci ina tsine wa rediyo, babu abin da ke tayar da ni. Amma jiya ko sandata ban tsaya ɗauka ba.

Da hannu ɗaya na ɗaga shi, ni tsoho! Na ƙyasta masa farce, ƙarfen ya amsa da ƙara siririya kamar yadda yake yi tun ranar da Baturen Italiya na kamfanin shimfiɗa kwalta ya bar maka shi zai koma gida. Mahaɗan ƙarfen nan da aka zana kamar aikin wuyan riga suna nan. Sirdin fata ya bushe, tayoyin da ba su fi kaurin yatsa ba sun ruɓe, amma da na juya ƙafar baya sai ta kama ƙas-ƙas ɗinta ta ƙi tsayawa. Maƙerin da ya yi shi ya yi ne don ya daɗe. Yanzu sai a sayar maka da abu, kafin ka kai gida ya mutu.

Ka tuna yadda Daura ta karɓe shi? Lokacin kuɗin mai ya shigo, kowane ma'aikaci na rububin babur, kai kuma ga ka da keken da ba kariyar ɗaukar kaya, ba ƙararrawa, kansa a murɗe ƙasa kamar ƙahon rago. Mai gyaran bakin kasuwa har ya ɗauko sifana zai juya maka kan sama, wai an ɗaura shi a kife. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne madaurin fatar da ke jikin feda, wanda kake zura ƙafa ka tsuke don kada ta zame. Suna cewa ɗan boko ya ɗaure kansa da kansa.

Amma in ka hau! Kwalta sabuwa fil daga Sandamu zuwa gari, ka sunkuya, ka miƙa hannu ka taɓa giya, sai dai a ji wucewarka. Ni ina baya a kan baƙin keken Baba ina haki, ina ihun sunanka kamar ni ke tuƙawa.

A shekarar kake neman Hajara. Ita tana so, mahaifinta Malam Ilu mai fataucin shanu ne ya ƙi cewa komai. Abin da ya iso mana daga bakinsa kawai shi ne, yaron da ke yawo da gajeren wando, kai a ƙasa, bai ga inda zai ga babba balle ya gaishe shi ba. Kowa ya gane. A garinmu mai keke in ya hango dattijo sauka yake, ya tura, ya rusuna, sai ya wuce sannan ya sake hawa. Duk ranar da ka gifta Malam Ilu a kan sirdi, maganar aure ta mutu.

Sai ga ranar. Bayan la'asar muna dawowa, ka tsuke ƙafafunka tamau, kana gangarowa da dukkan gudunka, kwatsam ga Malam Ilu a gindin wata tsamiya da abokan fataucinsa, sun dawo daga kara, kasuwar shanu. Na hango shi, na hango ka. Na ce a raina, kafin ka kai hannu ka sassauta madaurin ka riga ka wuce su.

Ba ka wuce ba, Yaya. Ka damƙe birki biyu, keken ya tsaya cak a gabansu, ka ɗan yi tsaye a iska ƙafafu a ɗaure, sannan ka tafi gefe gaba ɗaya, kai da keke, rim! Kana kwance a cikin tsakuwa, gwiwar hannu na jini, taya na juyawa a sama, ka ce, "Barka da yamma, Baba. An dawo lafiya?"

Dattijon ya taso ya tsaya a kanka. Ya ce ya ga masu sauka, ya ga masu durƙusawa, bai taɓa ganin wanda ya kwanta har da abin hawansa ba. Da hannunsa ya kwance maka madaurin, abokansa na ta riƙe ciki don dariya. Yana kakkaɓe maka riga ya ce, "Ka ce wa magabatanka ina gida ranar Juma'a."

Jiya ina shafa keken na ga ƙahon dama har yau a lanƙwashe yake ciki, fentin wajen a goge. Na ce wa Hajara ƙarfen kirki ne, zan kai a miƙe shi ya koma kamar sabo. Tsohuwar nan ta fizge shi daga hannuna. Ta ce in sa taya, in sa mai, in yi duk abin da na ga dama, amma kada in kuskura a taɓa wannan lanƙwasar, don a nan aka ba da ita.

Na bar shi yadda ka kayar da shi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da surukinka a inuwar da ta fi ta tsamiya. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Ƙanenka da har yau ke bayanka yana haki,
Bala