Gaɓar Rake Guda

Daren Talata, Bakura

Rubuta mani, Asabe jikata. Yau babanki ya dawo daga kasuwar Mafara, ya miƙa ma ƙanwata Hajo rake, ni ko ƙullin zogale da wake, wai ciwon suga ba ya son zaƙi. Hajo ga teɓa ninki-ninki, amma da anka auna jininta, lafiya lau. Ni da na bushe kamar kara, ni anka hana.

Ina jin ta tana tsotsa, sai ta jeho mani gaɓa guda ta saman darni. "Yaya, sha, ba mai gani."

Na tuna ƙafar wanmu da anka yanke kan ciwon nan, sai na ɓoye ta. Gaɓar na ƙarƙashin matashina. Ban sha ba, kuma ba ni maida mata.