Maganaɗisun rediyo a ƙirjin Inna

Assalamu alaikum Yaya Sanusi,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da malamanka. Ƙanwarka ce Hafsatu daga Fakku. Ka san ni, in ka kira waya daga "lafiya lau" bakina ya mutu. Shi ya sa na rubuto a nan shafinka na sada zumunta, inda abokanka za su gani. Wataƙila su kana jin kunyarsu.

Littafin digirinka ya iso, mai mashin ya kawo shi a leda. Baƙin bango, sunanka da ruwan zinare. Na saba cinye littafin soyayya tsakanin azahar da la'asar, amma naka kwana fuɗu na yi a shafin farko. Abin da na tsinta shi ne, shekara biyu kana lissafin yadda ruwa ke tafiya cikin bututu mai matsewa yana saki, irin yadda maƙoshi ke tura abinci, da yadda zafi da maganaɗisu ke sa shi sauri ko ya lafa. Sannu da aiki. Bututun ma a takarda ka zana shi.

To ga na gaske a gidanmu. Tun lokacin kaka abinci ke tsaya wa Inna a ƙirji. Ta bar tuwo, fura mai sanyi ba ta wucewa. Kunu mai ɗumi, mai ruwa-ruwa, shi kaɗai ke sauka, ina ba ta kaɗan-kaɗan ina shafa mata baya. Ni da ludayi na gano wannan, ba wanda ya ba ni digiri.

Kuskurena, na fassara mata shafin. Ta ji maƙoshi, ta ji zafi, ta ji maganaɗisu. Washegari ta sa Kawu Iro ya fasa rediyon marigayi Baba, ya ciro maganaɗisun sifika, ta naɗe shi a tsumma ta ɗaura a ƙirji, tana kurɓar ruwan zafi. Duk wadda ta shigo dubiya sai ta ce mata, "Ciwona yat tahi karantowa, shi as sa bai zo ba."

Likita a Tambuwal ya ce a kai ta Sakkwato a leƙa maƙoshin, kada a jinkirta. Ta ƙi, wai tana jiran maganin ɗanta ya kama. Da Kawu ya gaya maka, dariya ka yi, ka ce ai lissafi ne kawai, bai shafi mutum ba. To me ya sa ka rubuta a farko cewa zai taimaki marasa lafiya? Waɗanne? Na takarda?

A littattafan da kake mini gori a kansu, ko ragon saurayi in ya ji ana ciwo hanya yake kamawa. Kai kuwa uzurinka, hanyar Kebbe mai kawowa garinmu ce ba ta da kyau.

Yaya, ba haka na san ka ba. Lokacin da na yi ƙyanda kai ke hura mini kunu, har ka ƙone harshe wajen ɗanɗanawa. Yanzu zanin Inna har ragowa yake yi in na ɗaura mata. Ni na faɗa, Kawu ya faɗa, ba ta ji. Bakinka kawai take jira. Ka zo ka durƙusa gabanta ka ce mata ba maganinta ka karanto ba, ka kai ta asibiti. Na san da nauyi. Ni zan fita tsakar gida, ba zan kalle ka ba.

Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan Baba, ya kawo mana kai tun tana iya haɗiye kunun.

Ƙanwarka,
Hafsatu