Ban Saci Aikin Rabi Ba, Kwamfuta Ce Ta Daidaita Mu

Zuwa ga Hajiya Shugabar Makarantarmu, Wudil.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya. Na zo ƙofar ofishinki na kasa ƙwanƙwasawa, shi ya sa na liƙa wannan a allon sanarwa. A gafarce ni.

Na farko. A zangon nan wani ɗalibin jami'a da ke koyon koyarwa a wurinmu ya saka wata ƙaramar manhaja a kwamfutocin makaranta. Aikinta, da zarar ka adana umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, sai ta gyara masa zama: ta daidaita tazara, ta jera layuka, na kowa ya koma tsari ɗaya. Ya tafi bai gaya wa Malam Sani, malamin kwamfutarmu, ba.

Na biyu. Ni mai barin fili ce tsakanin layuka. Rabi 'yar ajinmu kuwa a layi ɗaya take cusa komai, kamar motar kasuwar Juma'a. Ranar Talata muka yi gwajin rubuta wa kwamfuta umarnin jera sunaye, muka adana, aka buga a takarda. Malam ya haɗa tawa da ta Rabi, ya ɗaga su a hasken taga, ya ga sun hau kan juna daidai. Ya ba ni sifili, ya rubuta satar amsa da jan biro, ya ce in zo da Babana.

Na uku. Da Malam ya ɗaga sauran takardun, da duk ajin ya samu sifili. Rabi kuma sai yawo take tana murna, wai ta kai matsayin da ake satar aikinta.

Ban ƙi manhajar ba, aikinmu ya fi kyan karatu yanzu. Roƙona a goge jan biron kafin Babana ya bar rumfar kifinsa ya zo. Sannan, cikin ladabi, Malam ya zauna ya rubuta nasa umarnin ya adana. Idan ya hau kan nawa a taga, na yi alkawari ba zan ce a kira kowa nasa ba.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya sa ki gama da mu lafiya.

Wassalam.
Ɗalibarki, Nafisa, aji biyar.