Ƙyallen Wazifar Kakanka

Ɗana Mumuni,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin ƙasar Turawa? Ya Hajara da yara? Mu nan Zango lafiya lau, sai dai ubanka ya tafka abin kunya.

Ka tuna farin ƙyallen da ake shimfiɗawa lokacin wazifa, wanda marigayi kakanka ya ba zawiya? Na ga ya yi dauɗa, na kawo gida. Uwarka ta ce, "Malam, ba ni in wanke." Na ce wanki ai ba sai da boko ba. Na jiƙa shi da jan tawul ɗina.

Da ya bushe, na naɗe na mayar zawiya shiru. Da la'asar aka warware shi, ja kamar sobolo, wato zoɓo. Alhaji Isaka, aminin kakanka, ya shafa facin da tsohon ya ɗinke da hannunsa, ya ce, "Shi ya sa bai taɓa ba ka wankinsa ba." Kowa ya yi dariya, ni kuwa sai hawaye. A gefen facin nan kakanka yake zama a da, muryarsa na danne ta kowa.

Na yi alkawarin kawo sabo daga kasuwar Kejetia kafin Juma'a. Yadi ba wuya. Mai ƙanshin turaren kakanka ne ban san rumfar da ake sayarwa ba.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida.

Ubanka