Hoton Ƙauyen Yaya Jafaru

Baba Alhaji, Garwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da Inna. Ni ƙalau, barci ne kawai ya ƙi.

A nan birnin Tulus wani tsohon ɗan sama jannati ya ce mana daga nesa duniya shuɗiya ce, shiru, ba hayaƙi. Ni kuwa aikina duba hotunan tauraron ɗan Adam. Jiya na buɗe na ƙauyen da Yaya Jafaru ke sayen kifi, kusa da tafkin Maga. An ƙone gida sittin da uku, har shagonsa mai koren kwano. A bakin ruwa abubuwa goma sha ɗaya na kwance. Na auna, tsawonsu bai kai na kwalekwale ba, daidai tsawon mutum ne.

Wayarsa ba ta shiga. Don Allah ku aika mutum. In za a karanta wa Inna, a tsaya a gaisuwa.

Ɗanku,
Abdurrahman