Gemun Ya Tafi

Khaula,

Na fita kina barci. Ƙanenki Jelani zai kai ni asibiti, yau za a cire kumburin nan na muƙamuƙina.

Jiya likita ta ce sai an aske gemu, don ta nan wuƙa za ta bi. Na ce gara a binne ni da abina. Ta ce in anka bar kumburin zai cinye ƙashin, kuma shi ba ya sauraron wa'azi. Sa'arki ce, amma ta kayar da ni. Bayan asuba na biya wurin Ladan wanzami. Hannunsa na ta rawa, sai da na tuna masa gemu na kawo, ba wuya ba.

Hankalina kwance yake. Ki taho da farin rawanina, kada ki taho da kuka. In kin ga wani baƙon tsoho yana hararar mutane, ni ne.

Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, kullum ƙorafinta ba ta taɓa ganin haɓar mijinta ba. Yau na duba madubi. Ba ta yi asarar komai ba.

Babanki