Ruwan Lada a Tudun Kyaukkon

Kyaukkon, watan Tabaung

Zuwa ga Yayana Ko San Lwin,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jiki, yaya aikin tashar jirgin ruwa? Ka gaida Ma Aye Mu da yara. Mu nan ƙalau, sai zafi. Inna na gaishe ka.

Bayan haka, furen tsauni saura gindi tara, cikin ashirin da Baba ya rasu ya bari. Awaki sun ci, masu neman itace sun sara. Malamar jami'ar da ta zo bara ta ce ta zaga yankin nan kaf, babu irinsa sai a tudunmu. Na yi magana har bakina ya gaji, ladan da na samu shi ne suna: wai gwauruwa mai gadin ƙaya. Sai na kai kuka gidan ibada wurin Sayadaw, babban malaminmu na addini. Da kansa ya hau tudun, ya ɗaura wa kowane gindi ƙyallen rigarsa, ya ce daga yau abin girmamawa ne. Yanzu ko akuya ta kalli wurin, mai ita da gudu yake kore ta. Dabarata ce, kuma ina jin daɗin kaina.

Ƙanwarka,
Khin Nu

Kyaukkon, ƙarshen watan Kason

Yayana,

Da fatan kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba, da hannuna na jawo mana.

Ranar cikar wata, da aka gama bikin shekara na zuba wa bishiyar bodi mai tsarki ruwa, sai Daw Tin May, uwar iyayi, ta ce ai furen ma yanzu mai tsarki ne. Gari guda aka hau tudu da tuluna da ganguna. Tun ranar ba a fasa ba, safe da yamma. Abin da ya tsiro cikin tsakuwa, wanda Baba bai taɓa ba shi ko ɗigo ba! Na tare hanya ina roƙo, ta ce, "Haba Khin Nu, ladar ma ke kaɗai za ki kwashe?" Aka yi ta dariya. Na koma wurin Sayadaw, ya ce niyya ake dubawa, shi ba zai hana mutum aikin alheri ba.

Ganye ya yi ruwan ɗorawa. Suka ce ƙishirwa ce, suka ƙara ruwa. Na tona gindi ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen kifi. Takwas sun tafi, Yaya. Awakin ma sun fi su tausayi.

Taka,
Khin Nu

Kyaukkon, watan Nayon

Yayana,

Ina gaisuwa.

Na kwance ƙyallen ƙaramin gindin da ya rage, na rufe shi da ƙaya, na ce wa kowa ya mutu. Inna kaɗai na gaya wa gaskiya. Sannan na tafi Mandalay ɗauko malamar, ta yanki reshe ta raya a wurinsu. Sai da na jira ta kwana shida.

Da muka hau tudun, ƙasar gindin caɓal. Malamar ta ɗan taɓa shi, ya biyo hannunta. Ta ce babu reshen da zai kama.

Inna ce. Tsohuwar da ko kasuwa ba ta iya zuwa saboda gwiwa, ita ta riƙa rarrafawa tudu da tulu sau uku a rana. Wai ya ba ta tausayi, shi kaɗai a rana babu mai kula, sai ta zuba da sunan Baba. Wa zan yi wa faɗa? Ga ta nan kwance, gwiwa ta kumbura, fuska cike da murna.

Ta ce in shaida maka ta raba ladar har da kai, ka amsa da "thadu", wato madalla, sau uku yadda aka saba. Tun jiya take jiran tawa amsar. Kai ka rubuto taka, zan karanta mata.

Ƙanwarka,
Khin Nu